Mutum Ɗaya, Bel Ɗaya: Abin da Littafin Mota ke Faɗa wa Masu Bin Hanyar Ƙaura

Kowace mota tana fitowa daga kamfani da littafinta, mai shafi ɗari biyu ko fiye, a cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Kafin motar ta gama shekarunta a Turai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta canja hannu sau biyu ko uku har ta shiga layin lodi a tashar Ƙauran Namoda, littafin ya daɗe da ɓacewa. In ma an yi sa'a yana nan, da Jamusanci yake ko Faransanci ko yaren Holan, sai dai a kalli hotuna. Amma wanda ya samu na Turanci ya zauna ya karanta, da wuya ya kai ƙarshe bai yi dariya ba. Littafin zai gargaɗe shi kada ya ƙyasta ashana don duba ruwan batir. Zai ce masa kada ya sha ruwan lagireto. Zai ja masa kunne kada ya rina bel ɗin kujera, kada ya ɗaura shi a kan biro ko tabarau ko makullan da ke aljihun gaba, kada ya shimfiɗa kafet a kan kafet a ƙarƙashin ƙafar direba, kada fasinja ya ɗora ƙafafunsa a kan dashbod. Ga kuma babi guda a kan sarƙar da ake ɗaura wa taya don tafiya cikin dusar ƙanƙara, da maɓallin ɗumama kujera, abubuwan da direban da rana ke gasawa a hanyar Zurmi cikin watan Afrilu ba shi da abin yi da su. Motocin Amurka kuwa har a jikin madubin gefe suke da rubutun da ke tuna wa direba cewa abin da ya hango ya fi kusa da yadda madubin ya nuna masa.

Dariyar ba laifi ba ce, amma ya kamata a raba ta gida biyu. Akwai abin da ke ba mu dariya don ba da mu ake maganar ba, kamar zancen ƙanƙara, wannan sai a tsallake shi. Akwai kuma wanda ke ba mu dariya don muna ganin kamar an raina hankalin mai karatu, a ce wai sai an rubuta wa baligi kada ya leƙa batir da ashana. Wannan kashi na biyu shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin kamfani ba ya ɓata takarda da tawada a banza. Galibin irin waɗannan layuka an rubuta su ne bayan wani ya aikata abin, ya ji rauni ko ya rasu, magada sun kai ƙara, injiniyoyi da lauyoyi sun zauna. Batir yana fitar da wata iska mai saurin kamawa da wuta, shi ya sa aka hana ashana. Maganar kafet kuwa, a watan Agustan 2009 wani ɗan sanda da mutum uku na iyalinsa sun mutu a kusa da birnin San Diyego na Amurka, cikin wata Lexus da aka shimfiɗa wa kafet ɗin da ba nata ba. Kafet ɗin ya danne totur, mota ta ƙi tsayawa. Bayan haka ne kamfanin Toyota, mai ƙera ta, ya nemi a dawo masa da motoci kusan miliyan huɗu a ƙasar don a gyara. Haka nan ɗan hannun nan mai haske a duhu da ake gani cikin but ɗin motocin Amurka, an wajabta sa shi ne daga 2001, bayan yara goma sha ɗaya sun mutu a kulle cikin but a watannin Yuli da Agustan 1998 kaɗai.

Idan aka buɗe babin bel, a nan ne dariya ke komawa ciki. Littafin yana cewa bel ɗaya na mutum ɗaya ne. Yana cewa kada a ɗauki mutanen da suka fi kujeru yawa, kada a riƙe yaro a cinya mota na tafiya, kada kowa ya zauna a wurin kaya. Bajamushen da ya fara sayen motar zai karanta ya yi mamakin wa zai yi haka. Mu kuwa mun san wa. Tun da jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929 ya daina zuwa, mutum da hatsi da dabba duk sun dawo kan kwalta: hanyar Gusau zuwa Ƙaura ta Kasuwar Daji, da wadda ta miƙe ta Moriki zuwa Shinkafi har Isa da Sabon Birni, da wadda ta ratse zuwa Zurmi ta nufi Jibiya. Golf da Sharon da Vectra da Homa da Kanta su ke ɗauke da jama'a, kuma lodin da aka saba shi ne mutum biyu a gidan gaba, huɗu a baya, wasu a but ƙafafu na lilo, balle ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci. Abin da marubucin littafin ya ɗauka ganganci ne da ba kasafai ake yi ba, shi ne tafiyarmu ta yau da kullum.

A ganina tushen matsalar shi ne ta ƙofar da bel ya shigo mana. Bai zo mana a matsayin ilimi ba, ya zo ne a matsayin doka mai tara. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma daga ranar 1 ga Janairun 2003 ta fara kama wanda bai ɗaura bel ba. Dokar ta yi daidai, sai dai abin da direba ya koya daga gare ta shi ne bel na jami'i ne, ba nasa ba. Shi ya sa ake ganin direba ya hango shingen bincike ya jawo bel ya rataya a kafaɗa bai maƙala ba, yana wucewa ya sake shi. Wani ya maƙala shi ta bayan kujera tun safe don motar ta daina yi masa kuka, wani ya sayi ɗan ƙarfen da ake cusawa a ramin don a yaudari na'urar. Ba mu kaɗai muka yi wannan ganin ido ba. A Amurka an taɓa tilasta wa kamfanoni su ƙera motocin 1974 yadda ba za su tashi ba sai an ɗaura bel, mutane suka dinga maƙala shi ta baya ko su tsinke wayar, har majalisar ƙasar ta soke dokar a shekarar. Tara tana sa mutum ya ɗaura bel a gaban hukuma. Abin da zai sa ya ɗaura shi a dajin da babu kowa tsakanin Moriki da Shinkafi shi ne ya san abin da ke faruwa da jikinsa a lokacin karo, da yadda wannan ƙyallen ke aiki.

Karo ɗaya muke ji da kunne, amma uku ne ke faruwa a jere. Na farko mota ce ke karo da abin da ta samu, ko bishiya ko gada ko wata mota. Gabanta yana lotsewa kamar rabin mita, ta tsaya cak cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Na biyu shi ne na mutum. Motar ta tsaya, amma jikin da ke cikinta bai tsaya ba, yana nan yana tafiya da gudun da motar ke yi har sai wani abu ya tare shi, sitiyari ko dashbod ko gilashi ko ƙeyar wanda ke gabansa. Na uku yana cikin jiki: ƙirji ya tsaya amma zuciya da hanta da saifa sun bugi haƙarƙari, ƙoƙon kai ya tsaya amma ƙwaƙwalwa ta buge shi daga ciki. Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa, gudun da a hanyar Ƙaura ake ce wa tafiyar hawainiya, mutumin da ke ɗaure da ita, wanda ya ci moriyar rabin mitan nan da gaban motar ya lotse, yana jin ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau ashirin. Mai kilo 70 ya zama kilo 1,400 ke nan, nauyin buhun gero goma sha huɗu. Babu hannun da zai dafe dashbod ya tare wannan. Wanda ba a ɗaure ba kuwa ba ya samun rabin mitan ma, domin kafin ya isa sitiyari motar ta riga ta tsaya, sai jikinsa ya tsaya cikin 'yan santimita kaɗan, ƙarfin ya ninninka. Kuma idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkawa, ba sau biyu ba.

Aikin bel ke nan: ya haɗa jikin mutum da motar tun farkon karo don su tsaya tare, ya kuma ɗora nauyin a kan ƙasusuwan da za su iya ɗauka. Wanda ya tsara shi yadda muka san shi a yau wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, wanda ya fara aiki a kamfanin Saab a kan kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje, kafin ya koma Volvo. Bel ɗin da ake da shi a da ko dai na ƙugu ne kawai, wanda ke barin kai da ƙirji su ninke su bugi sitiyari, ko na ƙirji kawai, wanda mutum ke zamewa ta ƙarƙashinsa. A 1959 Volvo ya fito da nasa mai maɗauri uku, igiya ɗaya ta ratsa ƙashin ƙugu, ɗaya ta gitta ƙirji daga kafaɗa, su haɗu a gefen kwankwaso, a maƙala da hannu ɗaya. Kamfanin ya bar sauran masu ƙera mota su kwaikwaya ba tare da ya hana su ba. A 1967 Bohlin ya gabatar da nazarin haɗurra kusan 28,000 da aka yi a ƙasarsu, inda ya nuna cewa cikin waɗanda suka ɗaura bel babu wanda ya mutu a gudun da bai kai kilomita 96 a awa ba, alhali waɗanda ba su ɗaura ba sun mutu har a ƙaramin gudu. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ce ta fara wajabta ɗaurawa a 1970, Ingila ta biyo a 1983. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa bel yana rage haɗarin mutuwa ga direba da na gidan gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari.

Da yawa daga cikin masu raina bel suna jawo shi ne su ga yana biyo hannu salin alin, sai su ce wannan me zai riƙe? Amsar tana ɓoye a gindin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, a bayan roba. A can akwai kwarkwaron da igiyar ke naɗewa a jikinsa, da sifirin mai mayar da ita, da wani faifan ƙarfe mai haƙora, da masu gadi biyu. Na farko ɗan dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin ɗan kwano. Muddin mota na tafiya lafiya yana tsakiyar kwanon. Da an taka birki da ƙarfi, ko an yi karo, ko mota ta karkace za ta kife, sai ya mirgina ya ɗaga wata 'yar sakata ta shiga tsakanin haƙoran, kwarkwaro ya tsaya. Na biyu yana jikin kwarkwaron ne, yana lura da saurin da igiyar ke fita. In an ja a hankali ba ruwansa, in an fizga sai ya buɗe ya kama haƙoran. Shi ya sa bel ke barin direba ya sunkuya ya ɗauki abu, amma ya cije idan aka fizge shi. Shi ya sa kuma wani lokaci, idan aka ajiye mota a kan gangare, bel ke ƙin fitowa, mai mota ya ɗauka ya lalace alhali aikinsa yake yi. Ita kanta igiyar, da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, an saƙa ta ne da zaren roba mai ɗaukar nauyin da ya kai tan biyu kafin ya tsinke, kuma tana ɗan miƙewa da gangan don ta rage zafin tsayawar.

Motocin da suka biyo baya sun ƙara abu biyu. Kamfanin Mercedes ya fito a 1981 da na'urar da ke tsuke bel: da kwamfutar mota ta gane an yi karo, sai ta kunna wani ɗan sinadari mai kama da albarushi, iskar da ya fitar ta juya kwarkwaron baya, ta janye sakin da ke jikin igiyar kafin jikin mutum ya fara matsawa. Sai kuma kishiyarta, mai sassautawa. Idan nauyin da ke kan ƙirji ya kai inda haƙarƙari zai karye, wani sandan ƙarfe da ke tsakiyar kwarkwaron yana murɗewa ya saki igiya kaɗan-kaɗan, mutum ya matsa gaba a hankali ya faɗa kan jakar iska mai fitowa a gabansa in an yi karo, wadda ta riga ta cika. A nan ne kuskuren da ya fi yaɗuwa yake, na masu cewa motata tana da jakar iska, me zan yi da bel? Jakar tana fitowa ne da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, kuma an auna lokacinta a kan mutumin da bel ya riƙe a kujerarsa. Wanda ba a ɗaure ba yana isa wurin tana tsakar fashewa, ta tare shi da duka a fuska da wuya. Hukumomin Amurka sun ƙirga mutum sama da 290 da jakar iska ta kashe a ƙananan haɗurra tsakanin 1990 da 2008, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari nasu ba su ɗaura bel ba ko sun ɗaura ba daidai ba. Da yawansu yara ne a gidan gaba.

Wanda ya fahimci wannan, in ya koma kan layukan da suka ba shi dariya zai ga kowanne da dalilinsa. Biro ko makulli a aljihun gaba, idan igiya ta danna shi da ƙarfin tan guda, cikin ƙirji zai shige. Rini da sinadarin wanki mai ƙarfi suna cin zaren. Ƙafar da ke kan dashbod tana kan murfin jakar iska ne, ita za ta maido da gwiwa kan fuska. Kwantar da kujera baya yana sa mutum ya zame ta ƙarƙashin igiyar ƙugu, ta bar ƙashi ta hau ciki inda hanji yake. Littafin yana gargaɗi a kan rigar sanyi mai kauri don tana hana igiya kwanciya a jiki. Mu ba mu cika sa ta ba, amma muna da babbar riga, kuma ƙa'idar ɗaya ce, a tattara rigar a sa igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙashin ƙugu. Mai zura igiyar sama ta ƙarƙashin hammata don kada ta goge masa wuya ya mayar da nauyin kan haƙarƙarinsa na ƙasa, daidai hanta da saifa. Mace mai juna biyu, wadda sau da yawa ake ce wa kada ta ɗaura don tausayin cikin, ita ta fi kowa buƙata, sai dai igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin cikin, ta sama ta bi tsakiyar ƙirji. Mutum biyu a bel ɗaya kuwa, ɗaya ne zai matse ɗaya. Mafi ciwo shi ne yaron da ke cinya. Da lissafin da ya gabata, yaro mai kilo 10 yana zama kilo 200 a hannun uwarsa cikin ƙiftawar ido, kuma babu ƙaunar da za ta ba hannu ƙarfin riƙe wannan. In kuma ta zagaya bel ɗin da su biyu, nauyinta ne zai danne shi a jikin igiyar.

Na baya ma ba su tsira ba, ko da yake an saba ɗauka cewa kujerar gaba garkuwa ce. Wani nazari da aka yi a Japan, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2002, ya gano cewa haɗarin mutuwar na gaba da ya ɗaura bel yana ninkawa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba, domin na bayan ne ke tahowa da dukan nauyinsa ya murƙushe shi. Direban da ya ɗaura nasa ya bar mutum huɗu sake a bayansa bai gama kare kansa ba.

Akwai hujjar da mutumin Zurmi ko Shinkafi zai kawo wadda marubucin littafin bai taɓa tunaninta ba, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce a hanyar da ɓarayin daji ke tarewa, wanda ya fi saurin buɗe ƙofa ya shiga daji shi ke tsira, don haka ɗaure kai a kujera wauta ce. Wanda bai san abin da mutanen waɗannan garuruwa suka gani a shekarun nan ba, ba shi da bakin raina wannan tsoro. Amma a auna. Kwance bel danna maɓalli ɗaya ne, bai kai lokacin da mutum na uku a kujerar baya zai jira na bakin ƙofa ya fita ba. A ɗaya ɓangaren kuma, tsoron nan shi ne ya sa direbobi ke zuba gudu a wuraren da aka sani da haɗari, a kan kwalta mai ramuka, don su wuce kafin a fito musu. Shi ke sa a juya mota a guje in an hango shinge, ko a ci gaba da gudu da fasasshiyar taya. A irin wannan hali ne direba ya fi buƙatar abin da zai riƙe shi a bayan sitiyari, don in mota ta daki rami ya tashi daga kujera, ya rasa tuƙin ke nan. Rashin tsaro ya ƙara yawan dalilan ɗaura bel ne, bai rage ba. A ƙara da nisan asibiti: wanda ya samu rauni a kai ko a ciki a wajen Shinkafi, sau da yawa sai an yi tafiyar sama da kilomita ɗari zuwa Gusau, ko a wuce Sakkwato, a hanyar da ba kowane lokaci ake iya bi ba.

Masu tsoron gobara ko faɗawa ruwa, kamar a gadojin Gulbin Gagare da damina, su sani alƙaluman Amurka sun nuna irin waɗannan ba su kai ɗaya cikin ɗari na haɗurra ba, kuma mai fita daga mota mai cin wuta shi ne wanda bai suma ba, ƙafarsa ba ta karye ba. Masu cewa gara mota ta wurgo mutum waje, alƙaluman sun nuna a haɗurran da aka yi asarar rai, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka wurgo waje gaba ɗaya ba su rayu ba. Kwalta da jikin motar da ke mirginowa ne ke jiransu. Sai maganar ƙaddara, cewa in kwana ya ƙare bel ba zai hana ba. Gaskiya ne, babu Musulmin da ke musu. Amma direban da ke faɗin haka bai taɓa fita da motar da ba birki ba ya ce ƙaddara ce, kuma malamanmu sun sha karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya cin karo da tawakkali. Ba kowane haɗari ne ma ke ƙarewa da mutuwa ba. Akwai magidantan da ke kwance shekara da shekaru da karyayyen gadon baya, iyali na wahala da su.

Hujjar da ta fi duka ƙarfi ita ce ta aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direban haya yana lissafin mai, da kuɗin tasha, da balas ɗin mai mota, da abin da ake miƙawa a hanya, sai ya ga in bai sa biyu a gaba da huɗu a baya ba, aikin banza ya yi. Fasinja kuma ba shi da kuɗin kujera biyu. A irin wannan mota, gaya wa na but ya ɗaura bel zancen banza ne, kuma wannan rubutu ba ya da'awar yana da maganin talauci. Obalodi magana ce ta kuɗin mota da yawan motoci, sai gwamnati da ƙungiyar direbobi sun zauna a kanta. Amma rashin samun duka ba ya sa a bar abin da ke hannu. Direba kullum yana da kujerarsa shi kaɗai da bel ɗinsa. Motocin gida da na ma'aikatu da na asibiti ba su da uzurin lodi. Sharon tana zuwa da bel a kujerunta, sai dai an tura su ƙarƙashin kujera ko mai ɗinkin kushin ya rufe su. Yaro ana iya mayar da shi baya ko da a cinya ne, don nesa da gilashi da jakar iska. Kuma direban da ya san ya ɗauki mutanen da babu abin da ke riƙe da su, akwai abu ɗaya da ke hannunsa: in ya sauko daga gudun 100 zuwa 80, ya rage ƙarfin karon da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ya rage shi ne bayanin ya iso da harshen da ake ji. Babin bel na littafin mota bai fi 'yan shafuka ba, kuma abin da ke cikinsa kusan ɗaya ne a kowace mota. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura tun 1983 tana da malamai da ɗaliban injiniyanci da za su iya mayar da shi Hausa, da boko da ajami, a takarda ɗaya mai hotuna, a manna a tashoshin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, a karanta a rediyo. Shugabannin tasha, waɗanda direba ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i, su ne za su iya sa duba bel cikin sharuɗɗan shiga layi. Dubawar kuwa tana da muhimmanci, domin Golf ɗin da ta fi yawa a hanyoyin nan an ƙera ta ne a shekarun 1990, igiyarta ta sha rana da ƙura kusan shekara talatin. A jawo ta har ƙarshe a duba ko ta zare ko ta yage a gefe. A fizge ta a ga ko ta cije. A sake ta a ga ko ta koma da kanta. A maƙala a ji ta ce ƙas, a ja a tabbatar ba ta fita. Fitilar jakar iska da ke kan dashbod ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi in an murɗa makulli sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala, in ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwan ne don a ɓoye matsalar, abin da ake yawan samu a motocin da suka yi haɗari a Amurka aka gyara su a nan. Na'urar tsuke bel sau ɗaya take aiki, igiyar da ta riƙe mutum a babban karo kuma ta riga ta miƙe, ba ta da sauran ƙarfin karo na biyu. Irin wannan, da wadda ta tsinke, ba a kai ta wurin mai ɗinki, domin zaren kushin ba ya ɗaukar tan biyu. Cire ta ake yi gaba ɗaya da kwarkwaronta, a nemo lafiyayya ta irin motar a wurin masu kayan gyara na Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗaure ta da ƙusoshinta na asali.